Lamba mai alƙaluma miliyan 41 da ta gagari rabawa: ta yaya aka tabbatar?

A ranar 21 ga Oktoba, 2024, aka sanar da duniya cewa an gano wata lamba mai alƙaluma 41,024,320 wadda babu abin da ke raba ta daidai ba tare da saura ba, sai ɗaya da ita kanta. Da mutum zai ce zai karanta ta da baki, alƙalami ɗaya duk sakan, ba barci ba hutu, sai ya kwashe kwana 475 kafin ya ga ƙarshenta. Da za a buga ta a littafi, alƙaluma 3,000 a kowane shafi, za ta cinye shafi sama da 13,600. Duk da wannan tsawo nata, rabin layi ya isa a rubuta sunanta: 2^136,279,841 − 1. Ma'ana, ka jera biyu har guda 136,279,841, ka yi ta ninka su, biyu sau biyu sau biyu, in ka gama ka ɗebe ɗaya.

Yawancin waɗanda suka ji labarin, girman ne ya ɗauke musu hankali. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne: ta yaya aka sani? Babu kwamfutar da ta zauna ta gwada raba wannan lamba da duk lambobin da ke ƙasa da ita. Hakan ba ya ma yiwuwa, kamar yadda za mu gani. Amma masana lissafi ba "muna kyautata zato" suke cewa ba. Tabbaci suke bayarwa, irin tabbacin da ka ke da shi cewa bakwai ba ta rabuwa biyu daidai. Amsar tana cikin ƙirar lambar, kuma duk wanda ya iya sau da raba da biro zai iya bin sawunta.

Mu fara daga tushe. Sha biyu lamba ce mai sauƙin hali: tana rabuwa biyu, uku, huɗu, shida. Sha uku kuwa ta ƙi kowa. Duk yadda ka juya ta, sai an sami saura. Irin waɗannan lambobi su ne ɗalibai ke jin ana kira firam a ajin lissafi, ni kuma zan kira su gagara-raba: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, haka dai. Muhimmancinsu shi ne su ne tubalin sauran lambobi duka. Kowace lamba da ta wuce ɗaya, ko dai gagara-raba ce, ko kuma gagara-raba ne aka ninka suka haife ta, kuma hanyar haihuwar guda ɗaya ce tak. Misali 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5, ba ta da wasu iyayen.

Da ka fara ƙirga su za ka ga suna raguwa. Akwai 25 a ƙasa da ɗari, 168 a ƙasa da dubu, 78,498 a ƙasa da miliyan. Sai mutum ya ɗauka wata rana za su ƙare. Yuklid, masanin lissafin da ya yi zamani a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rufe wannan ƙofa da hujjar da har yau ba ta tsufa ba. Ya ce kawo duk jerin gagara-raba da ka ke da shi, ka ninka su duka, ka ƙara ɗaya. Sabuwar lambar, duk wadda ka ɗauko daga jerinka ka raba ta da ita, sai ta bar saura ɗaya. Ke nan ko ita kanta sabuwar gagara-raba ce, ko kuwa akwai wata da ba ta cikin jerinka da ke raba ta. Gwada ka gani: 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 ya ba da 30,031, wadda ita ce 59 × 509. Ga baƙi biyu sun shigo, ba ɗaya daga cikinsu a jerin farko. Saboda haka babu wata "mafi girma" a cikin gagara-raba. Abin da aka samu a 2024 ita ce mafi girma da ɗan Adam ya iya nunawa da yatsa.

Me ya sa nunawar ke da wuya? Hanyar da kowa ya sani ita ce gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Tana da ɗan rangwame: ba sai ka gwada komai ba, ka tsaya a lambar da in ka ninka ta da kanta za ta kai wadda ka ke bincike. Don tabbatar da 97, ya isa ka gwada 2, 3, 5 da 7, tunda 11 × 11 ya riga ya wuce ta. To amma ga lambarmu, wannan wurin tsayawar shi kansa yana da alƙaluma sama da miliyan 20. Ƙiyasin da masana kimiyya ke yi na yawan ƙwayoyin zarra a duk sararin da ake iya hange lamba ce mai alƙaluma kusan 80. Ko da kowace ƙwaya za ta zama kwamfuta, ta yi ta aiki tun farkon halitta, ko ƙurar aikin ba za su taɓa ba. Wannan hanya a toshe take.

Sai a koma ga ƙira. Mu mun saba ƙirga da alƙaluma goma, daga sifiri zuwa tara. Kwamfuta da biyu take ƙirga, sifiri da ɗaya. A ƙirgenta, 3 ita ce 11, 7 ita ce 111, 15 ita ce 1111, 31 ita ce 11111. Duk lambar da aka samu ta hanyar ninka biyu a ɗebe ɗaya, zallar ɗaya ce a jere, kamar yadda 999 take a wajenmu, wato dubu ba ɗaya. Lambarmu ke nan: ɗaya guda 136,279,841 a sahu, babu sifiri ko guda a tsakani. A idonmu alƙaluma miliyan 41 ne a hargitse, a idon na'ura kuwa babu lamba mai tsari kamarta.

Daga wannan ƙira ƙa'ida ta farko take fitowa, kuma ina son ka gan ta da idonka. Rubuta ɗaya guda shida: 111111. Tunda shida na rabuwa, za ka iya yanka jerin gida-gida, 11 11 11, ko kuma 111 111. A lissafinmu na kullum wannan na nufin 111111 ita ce 11 × 10101, kuma ita ce 111 × 1001. Yanzu karanta waɗannan alƙaluma da ƙirgen kwamfuta: 111111 ita ce 63, 11 ita ce 3, 10101 ita ce 21. Ga shi kuwa 3 × 21 = 63. Haka 111 ita ce 7, 1001 ita ce 9, kuma 7 × 9 = 63. Muddin tsawon jerin yana rabuwa, lambar ma sai ta rabu. Ke nan kafin a yi zancen komai, dole yawan biyun da aka ninka ya kasance shi ma gagara-raba ne. Lallai kuwa 136,279,841 gagara-raba ce, kuma ita ƙarama ce, wayar hannu ma za ta tabbatar da ita cikin ƙiftawar ido.

Da nan zancen ya tsaya, da kowa ya huta. Ninkin 2, 3, 5, 7 duk sun ba da gagara-raba: 3, 7, 31, 127. Sai aka zo kan 11, ƙwarya ta fashe: 2^11 − 1 ita ce 2,047, wato 23 × 89. Hudalricus Regius ne ya nuna haka a 1536. Sharaɗin wajibi ne, amma shi kaɗai bai wadatar ba. Kuma yayin da ake hawa sama, masu cin jarrabawar sai ƙara ƙaranci suke yi: 13, 17, 19, 31, 61, 89, 107, 127, sai tsalle zuwa 521, sai 607 a kusa da ita, sai 1,279. Cikin miliyoyin gagara-raba da aka gwada a matsayin yawan ninki, 52 kacal suka haifi gagara-raba.

Sunan da wannan dangi ke amsawa na Marin Mersenne ne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. A zamanin da babu mujallun kimiyya, ɗakinsa a Faris shi ne mahaɗar wasiƙun masana, yana karɓa daga Fermat ya miƙa wa Descartes, yana yaɗa ayyukan Galileo. A 1644 ya wallafa cewa daga 2 zuwa 257, waɗanda ke ba da gagara-raba su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya yi kuskure biyar: 67 da 257 ba sa ciki, sannan ya tsallake 61, 89 da 107. Sai da aka kwashe kusan shekara ɗari uku kafin a gama tace jerin nasa. Ban ga abin zargi a nan ba. Mutumin da ba shi da komai sai alƙalami da tawada ya jefa tambayar da ta sa ƙarni uku aiki.

Kuskuren 67 yana da labari mai daɗi. A Oktoban 1903, a taron ƙungiyar masana lissafi ta Amurka a birnin Niyok, aka kira Frank Nelson Cole ya gabatar da muƙalarsa. Kamar yadda aka ruwaito, ya tashi bai ce uffan ba, ya ɗauki alli ya lissafa 2^67 − 1 a gefe guda na allo: 147,573,952,589,676,412,927. Ya koma ɗaya gefen ya rubuta 193,707,721 × 761,838,257,287, ya yi ta sau ɗin layi bayan layi har ƙasa. Amsoshin biyu suka yi daidai. Ya ajiye alli ya koma kujerarsa, zauren ya ɓarke da tafi. An ce da aka tambaye shi tsawon lokacin da ya ɗauka, ya ce Lahadin shekara uku.

Cole ba laluben duhu ya yi ba, kuma nan ne ƙa'ida ta biyu take. Tun zamanin Fermat aka san cewa duk gagara-rabar da za ta raba 2^p − 1, inda p ke tsaye a madadin yawan ninkin, dole ta kasance p ce aka ninka da wata lamba mai rabuwa biyu aka ƙara ɗaya. Duba 2,047: 23 ita ce 11 × 2 + 1, 89 kuma 11 × 8 + 1. Duba ta Cole: 193,707,721 ita ce 134 × 1,445,580 + 1, kuma 134 ɗin nan 67 ce sau biyu. Euler, wani babban masanin lissafi na ƙarni na 18, ya ƙara wani matsi: in ka raba mai rabawar da takwas, sauran dole ya zama 1 ko 7. Da waɗannan sharuɗɗa biyu ya tabbatar a 1772, lokacin idanunsa sun riga sun kusa mutuwa gaba ɗaya, cewa 2^31 − 1, wato 2,147,483,647, gagara-raba ce. Maimakon gwaji kusan 4,800, abin bai kai ɗari huɗu ba.

Ɗora wannan a kan lambarmu. Ƙaramar lambar da ma za a fara zargi ita ce 136,279,841 × 2 + 1, wato 272,559,683. Duk abin da ke ƙasa da haka ya fita ba tare da an taɓa shi ba. Ita ma ɗin, raba ta da takwas, saura 3, ta fita. Ka ga mun kori lambobi sama da miliyan 272 a layi biyu.

Akwai kuma abubuwa da yawa da za ka iya faɗa game da wannan ƙatuwar lamba kana zaune da takarda, ba ka taɓa ganin alƙalumanta ba. Wannan ɓangaren ne ya fi burge ni. Da wane alƙalami ta ƙare? Bi ninkin biyu: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. Ƙarshensu yana zagaye ne, 2, 4, 8, 6, ya dawo 2, 4, 8, 6. Zagayen huɗu-huɗu ne. Raba 136,279,841 da huɗu, saura ɗaya, ke nan ta faɗo a matakin farko, ninkin ya ƙare da 2, a ɗebe ɗaya ya zama 1. Alƙaluma uku na ƙarshe kuwa zagayensu ɗari-ɗari ne, don haka za su yi daidai da na 2^41, wadda ita ce 2,199,023,255,552. Ɗebe ɗaya, 551. Waɗanda suka buga lambar duka sun ga ta ƙare da 486,871,551, ta kuma fara da 881,694,327.

Haka za ka san cewa in aka raba ta da uku saura ɗaya, da bakwai saura uku, da tara saura huɗu. Na taran yana da wata ma'ana: in ka tara alƙalumanta miliyan 41 ɗin duka, ka sake tara alƙaluman amsar, ka ci gaba har ya rage guda ɗaya, huɗu za ka samu. Raba ta da huɗu kuwa saura uku ne, kuma an daɗe da sanin cewa lamba mai irin wannan saura ba ta taɓa zama jimillar lambobi biyu da kowace aka ninka da kanta, irin yadda 13 take 4 + 9. Shi kansa adadin alƙaluman ba ƙirga shi aka yi da hannu ba. Kowane ninki da biyu yana ƙara wa lamba tsawon kusan 0.30103 na alƙalami, shi ya sa ninki goma ke ba da 1,024, wato ƙarin alƙaluma uku. Ninka 136,279,841 da cikakken wannan adadi za ka sami 41,024,319 da ɗoriya, ka cike zuwa 41,024,320.

Duk waɗannan suna gaya mana wanda ba zai raba ta ba. Ba su ce babu mai raba ta ba sam. Wanda ya kawo makamin wannan shi ne Édouard Lucas, Bafaranshe, wanda a 1876 ya tabbatar da hannu cewa 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, gagara-raba ce. Ta riƙe kambu shekara 75, kuma har yau ba a taɓa tabbatar da wadda ta fi ta ba tare da na'ura ba. A 1930 Derrick Henry Lehmer na Amurka ya gyara hanyar ta zama gwaji guda mai yanke hukunci, wanda ake kira da sunayensu biyu.

Ga yadda yake, kuma sauƙinsa har ya fi ƙarfin a yarda. Fara da 4. Ninka ta da kanta, ka ɗebe 2. Raba amsar da lambar dangin Mersenne da ka ke bincike, wato 2^p − 1, ka riƙe saura kawai. Maimaita da wannan saura. Yi haka sau p − 2. In ka ƙare a sifiri, lambar gagara-raba ce. In ka ƙare a wani abu daban, tana rabuwa. Babu "wataƙila" a tsakani.

Ɗauki biro mu yi na 127, inda p take 7, wato zagaye biyar. Huɗu sau huɗu 16, ɗebe biyu, 14. Sha huɗu sau sha huɗu 196, ɗebe biyu 194, cire 127, saura 67. Sai 67 × 67 = 4,489, ɗebe biyu 4,487, a cikinta akwai 127 sau 35 wato 4,445, saura 42. Sai 42 × 42 = 1,764, ɗebe biyu 1,762, cire 1,651, saura 111. Zagaye na ƙarshe: 111 × 111 = 12,321, ɗebe biyu 12,319. Raba da 127: sau 97 cif, babu saura. Ranar da na fara yin wannan da hannuna, na daɗe ina kallon sifirin nan. Lambobin tsakiya, 67, 42, 111, ba su nuna alamar inda suka dosa ba, sai a taki na ƙarshe komai ya faɗa wurinsa. Yi wa 2,047 irin wannan kuwa, zagaye tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, 1,736. Ba sifiri, ke nan tana rabuwa.

Lura da wani abu: gwajin ya ce 2,047 tana rabuwa, amma bai ambaci 23 ko 89 ba. Yana tabbatar da akwai ɓarawo ba tare da ya kama shi ba. Shi ya sa tun 1876 Lucas ya san 2^67 − 1 ɗin nan tana rabuwa, amma sai bayan shekara 27 Cole ya fito da masu raba ta. Sanin cewa lamba na rabuwa abu ne mai sauƙi, gano abin da ke raba ta kuma dutse ne. A kan wannan tazara aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, wanda har yau ake amfani da shi a intanet.

Dalilin da ya sa gwajin ke aiki ya fi zurfin abin da za a warware a nan filla-filla, amma ga ƙashin bayansa. Jerin 4, 14, 194 ba zaɓen son rai ba ne. Yana fitowa ne daga ninka wata lamba ta musamman da kanta, wato biyu a haɗa da lambar da in an ninka ta da kanta take ba da uku. Ƙarewa a sifiri na nufin wannan ninki ba ya dawowa mafarinsa sai ya yi taki 2^p cif. Da a ce akwai wata ƙaramar gagara-raba da ke raba lambar, to filin da ninkin zai zagaya a cikinsa zai yi ƙanƙanta da ɗaukar wannan doguwar tafiya, dole ya dawo da wuri. Tunda bai dawo da wuri ba, babu ƙaramar mai rabawa. In kuwa babu ƙarama, babu babba, domin masu rabawa tafe suke biyu-biyu, ƙarama da babba.

Ga lambarmu, zagayen 136,279,839 ne, kuma a kowanne ana ninka lamba mai alƙaluma har miliyan 41 da kanta. Abu biyu ne suka sa hakan ya yiwu. Na farko ƙirar nan ta zallar ɗaya. Ka san in kana neman sauran lamba bayan an raba ta da 99, ba sai ka yi doguwar raba ba: yanka ta biyu-biyu ka tara. Ga 4,487, 44 + 87 = 131, sannan 1 + 31 = 32, kuma saura 32 ɗin ne. Haka kwamfuta ke yi da 2^p − 1: ta yanka amsar a tsakiya, ta tara ɓangarorin biyu, an gama. Aikin da ya fi kowanne nauyi ya zama kusan kyauta. Na biyu, ba a yin sau ɗin irin na makaranta, kowane alƙalami da kowane alƙalami, wanda zai ci ƙananan sau fiye da tiriliyan dubu a zagaye guda. Ana bi ta dabarar Fourier mai sauri, wadda injiniyoyi ke rarrabe sauti da ita, a sigar da Richard Crandall da Barry Fagin suka daidaita wa wannan aiki a 1994. Wannan shi ne sirrin da ya sa tun 1952, lokacin da Raphael Robinson ya gano biyar a shekara guda da kwamfutar SWAC a Los Anjelis, kusan kullum kambun yana hannun dangin Mersenne. Ba don sun fi sauran gagara-raba yawa ba, su ne dai ƙofarsu ke da mabuɗi.

A 1996 George Woltman ya kafa GIMPS, wani aikin gayya inda duk mai kwamfuta zai sauke manhaja kyauta, a ba shi lamba ya gwada. Sun gano 18 zuwa wannan ta 2024. Ta gabanta, 2^82,589,933 − 1 mai alƙaluma 24,862,048, an same ta a Disambar 2018, daga nan aka yi kusan shekara shida shiru. Wanda ya karya shirun shi ne Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia. Maimakon kwamfutar gida, sai ya yi hayar dubban na'urorin sarrafa hoto, irin waɗanda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, a cibiyoyin ajiyar bayanai na ƙasashe 17. Ranar 11 ga Oktoba wata na'ura a Dablin ta ƙasar Ailan ta ce wannan lamba da alama gagara-raba ce. Washegari wata a San Antoniyo ta jihar Tekzas ta tabbatar.

Bambancin "da alama" da "ta tabbatar" shi ne zuciyar maganar. Gwajin farko na Fermat ne: ka ninka wata lamba da kanta sau adadin wadda ka ke bincike ba ɗaya, ka raba, in gagara-raba ce saura zai zama ɗaya. Matsalar ita ce akwai masu sojan gona. Lambar 341, wadda take 11 × 31, tana cin gwajin in an fara da biyu. Lambar 561, wato 3 × 11 × 17, tana cin gwajin da duk lambar da aka fara da ita, muddin 3, 11 ko 17 ba sa raba lambar. Dangin Mersenne ma dukkansu, har da 2,047, suna cin gwajin in da biyu aka fara, shi ya sa GIMPS ke farawa da uku. Ana fara tacewa da shi ne saboda yana da hanyar kama kuskuren na'ura tun ana cikin aiki, da kuma hanyar duba sakamakon cikin sauri. A wannan girma yiwuwar sojan gona ƙanƙanuwa ce ƙwarai, amma masana ba su sanar ba sai da aka yi gwajin Lucas da Lehmer, aka kuma maimaita shi da manhajoji daban-daban a na'urori daban-daban. A ganina wannan taurin kai shi ne mutuncin fannin.

Kowace gagara-raba ta wannan dangi tana zuwa da 'yar rakiya. Akwai lambobin da ake kira kamilai, waɗanda in ka tara duk masu raba su ban da su kansu, sai su dawo maka da lambar: 6 ita ce 1 + 2 + 3, 28 ita ce 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Sai 496, sai 8,128. Yuklid ya nuna cewa in 2^p − 1 gagara-raba ce, ka ninka ta da 2^(p − 1), kamila za ta fito: 7 × 4 = 28, 31 × 16 = 496. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira wajen shekara ta 1000, ya hango cewa duk kamila mai rabuwa biyu ta wannan hanya take zuwa, Euler kuma ya kammala hujjar a ƙarni na 18. Ke nan a Oktoban 2024 an sami kamila ta 52, mai alƙaluma 82,048,640, wadda ta ƙare da 6. Kuma kamar yadda 28 take jimillar 1 zuwa 7, ita ma jimillar duk lambobi ce daga ɗaya har zuwa ƙatuwar lambarmu. Ko akwai kamila da ba ta rabuwa biyu, tambaya ce da ta haura shekara dubu biyu ba a amsa ba.

Mutane kan tambaya, to me za a yi da ita? Gaskiya ba za a kulle asusun kowa da ita ba. Makullan RSA na yau suna amfani da gagara-raba masu alƙaluma wajen 300, kuma amfaninsu yana cikin zamansu sirri, ita kuwa wannan duniya ta san ta. Ƙannenta ne ke aiki: 2^31 − 1 ta Euler ita ce iyakar ƙirgen tsofaffin manhajoji da yawa, shi ya sa agogon wasu na'urori zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038. A kan 2^19,937 − 1 Matsumoto da Nishimura suka gina dabarar fitar da lambobin ƙuri'a a 1997, wadda harsunan manhaja da dama ke amfani da ita. 2^521 − 1 ta Robinson tana cikin wani ma'aunin ɓoye saƙo. Shi kansa farautar tana gasa na'ura yadda ƙaramin aibi ba ya ɓuya, kuskure ɗaya cikin tiriliyoyin lissafi ya isa ya ɓata sifirin ƙarshe. A 1994 Thomas Nicely yana lissafi kan tagwayen gagara-raba, wato waɗanda tazararsu biyu ce kamar 11 da 13, ya bankaɗo aibin raba a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium, abin da ya ci wa kamfanin Intel da ya ƙera ta dala miliyan 475.

A unguwar da wannan lamba take zaune, ƙa'idar da Hadamard da de la Vallée Poussin suka tabbatar a 1896 ta nuna kusan lamba ɗaya cikin kowace miliyan 94 gagara-raba ce. Ke nan tana da maƙwabta birjik, sama da ƙasa. Chebyshev ya tabbatar tun tsakiyar ƙarni na 19 cewa tsakanin kowace lamba da ninkinta biyu akwai gagara-raba, don haka mun san tabbas akwai wadda ta fi ta girma ba ta kai ninkinta biyu ba. Babu dai wanda zai iya cewa ga ta, tunda ita ba ta da ƙirar da gwajin Lucas da Lehmer zai kama. Ko dangin Mersenne su kansu suna da iyaka ko ba su da ita, ba a tabbatar ba, duk da yawancin masana sun karkata ga cewa ba sa ƙarewa. Matsayinta na 52 ma na riƙon ƙwarya ne har sai an gama tantance duk na ƙasa da ita, domin an taɓa gano ƙarama bayan babba. Gidauniyar EFF, wadda ta biya dala 100,000 kan gagara-raba ta farko da ta haura alƙaluma miliyan goma, wadda aka gano a jami'ar UCLA a 2008, ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai alƙaluma miliyan ɗari. Kafin a kai can, yawan biyun da za a ninka sai ya haura miliyan 332.